Hangen Dala a Watan Hazo

Hange kalma ce ta wanda bai iso ba tukuna. Mutumin da ya zo ya tsaya a kan abu, gani yake yi. Wanda ya sunkuya yana juya shi yana neman aibinsa, dubawa yake yi. Wanda kuma ya sami inuwa ya zauna don ido ya sha, kallo ne ya kawo shi. Mai leƙe katanga ce ta raba shi da abin da yake so, mai harara kuwa magana ce a cikinsa ya bar wa ido ya faɗa. Amma mai hange, abin da ke tsakaninsa da muradinsa tafiya ce, kuma ƙafa ce za ta biya. Ko daga bayansa ka tsaya za ka gane shi: ya miƙa wuya, ya yi ɗage, ya kafa tafin hannu a goshi yana tare hasken rana, ya ƙanƙance ido. Idan ya dace sai ka ji ya ce, “Na hango!” Wannan ɗan wasali na ƙarshe, wanda ke jawo abu daga can zuwa nan yadda yake yi a kawo da taho da sayo, shi ne dukan murnar matafiyi. Ido ya riga ya je ya ɗauko, saura gangar jiki.

Ba a daɗewa ana zancen hange a ƙasar Hausa ba a ambaci Dala ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Har wanda bai taɓa taka Kano ba ya san wannan magana. Ana faɗarta a Maraɗi da Damagaram, ana faɗarta a zangon Kumasi. Ana gaya wa saurayin da aka karɓi kuɗin gaisuwarsa har ya fara zancen fentin ɗaki, da ɗan takarar da ya ci zaɓen fid da gwani har ya fara rabon muƙamai, da manomin da ya ga gero ya yi bununi har ya fara lissafin dami. Wasu kan ce ganin Dala. Ni dai hangen ya fi kwanta mini, domin shi ne ke ɗauke da nisan, nisan kuwa shi ne gishirin maganar.

Duk wanda ya fara furta ta, da ƙafa ya zo Kano. Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki ne da kuka da ɗorawa da rimi iyakar ganinka, kuma a irin wannan fili ɗan tudu ma sarki ne. Dutsen Dala tsayinsa mita 534 ne daga matakin teku, sai dai birnin kansa a kan tudu yake zaune, don haka abin da dutsen ya ɗara gidajen da ke gindinsa bai kai mita ɗari ba. In aka jera shi da Zuma ko Kwatarkwashi, yaro ne. Duk da haka shi da ɗan'uwansa Goron Dutse su ne abin da idon bafatake ke fara cin karo da shi tun ganuwa ba ta bayyana ba. A ce ayari ne ya taso daga Gwanja da goro, wata da watanni a hanya, jakuna sun rame, dugadugai sun yi faso, guzuri ya kusa ƙarewa, sai jagaba ya ɗaga hannu ya ce ga Dala can. Yaran ayari su ɓarke da sowa. Madugu kuwa, wanda ya sha wannan hanya, ya san da sauran tafiya, da sauran rafi, da ƙofar da ake rufewa in rana ta faɗi, da sarkin ƙofa da abin da zai karɓa, da neman fatoma da masauki. Shi ne zai ce a kama baki a ci gaba da kora dabbobi.

Ko an shiga ƙofar ma ba a shiga gari ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗawa, musamman Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta kewaye gidaje, ta kuma haɗa da gonaki da kududdufai da makiyaya, don in abokan gaba sun yi wa birni zobe kada yunwa ta buɗe musu ƙofa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya shigo Kano ranar 20 ga Janairu, 1824. Ya ci ado da kayansa na sojan ruwa, kansa cike da labarin birnin da Larabawa suka yi ta ba shi a hanya. Yana wuce ƙofa sai ya tarar da fili, gidaje can nesa da ganuwa, mutane kowa na sha'aninsa, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi. Karin maganar ta ci shi bai san da ita ba.

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya shi ne watan da ya zo. Janairu ne. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya gangaro daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya shigo Kano a farkon Fabrairu, 1851. Sojojin Turawa da Kanar Morland ya jagoranta sun fasa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Ba katari ba ne. Damina ba lokacin tafiya ba ce, koguna sun cika, kowa yana gona. Sai an yi kaka an kai amfani rumbu hanya ke buɗewa, sannan fatake su ɗaura kaya, 'yan cin rani su rataya jaka, malamai su tashi da almajiransu, mayaƙa su ɗaura sirdi. Wato lokacin da aka fi nufo Kano shi ne lokacin hunturu. Lokacin hunturu kuwa shi ne lokacin da ba a hangen komai. Ashe akwai ranakun da madugu ba ya ma samun damar kwaɓar yaransa, domin Dala bai fito ba balle a yi murnar ganinsa, sai dai ayari ya yi ta tafiya cikin farin duhu har ganuwa ta tsaya a gabansa kwatsam.

Bahaushe ya san wannan yanayi ciki da bai, shi ya sa bai ba shi suna ɗaya ba. Sanyi daban, ɗari daban. Sanyi na randa ne da inuwa da bayan ruwan sama, abu ne mai laima wanda ake nema da bazara, har ana cewa an ji sanyi a rai. Ɗari busasshe ne, mai tsaga leɓe, mai sa fata ta yi fari fat, mai sa ganga da akushi su tsage. In ya yi tsanani har haƙora na haɗuwa sai a ce jaura. Hunturu shi ne iskar da ke kawo shi daga arewa maso gabas, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa cikin Maris, hazo kuma shi ne ƙurar da take ɗauke da ita, wadda ba ta sauka ba ta wucewa, sai ta tsaya tsakanin sama da ƙasa. Yawancin wannan ƙura daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Kwarin nan gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, farar ƙasar da ke kwance a cikinsa kuwa ragowar ƙananan halittun ruwa ce da ido ba ya gani. Ita ce ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ita ce mata ke sharewa daga kan kwanuka safe da yamma, har takan ƙetare teku ta sauka a dazukan Kudancin Amurka. Duk sanda na ga Dala ya ɓace a cikinta, nakan tuna cewa ƙurar tsohon ruwa ce ta rufe tsohon dutse.

Kada kuma wanda ya ga dusar ƙanƙara a talabijin ya raina ɗarinmu. Da asuba a Kano a watan Janairu ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10, a jikin mutanen da ɗakunansu da tufafinsu duk don zafi aka yi su. Ayarin su Clapperton, a kan hanyarsu daga Kukawa a ƙarshen Disamba 1823, sun wayi gari ruwan da suka bari a buɗe ya yi ƙanƙara a sama. Abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda dama ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu kusa da Katagum, bai ko hango Dala ba.

A irin wannan safiya na fi son hawa dutsen. Hawan tun daga lungu yake farawa. An idar da sallar asuba, masu komawa barci sun koma, tsofaffi na zaune a ƙofar masallaci sun naɗe kai da kunne da rawani sun lulluɓa da bargo. Mai shayi ya hura wuta, tururin butarsa na tashi a miƙe. Mai ƙosai ta aza kasko. Can gefe almajirai sun tara kara da tsumma da guntun kwali sun cinna, sun kewaye wutar a tsugune, tafukan hannu a gaba, robar bara a hammata, wasu ko takalmi babu. Wanda ya fito daga ɗaki mai labule, da rigar sanyi a jikinsa da man kaɗanya a leɓensa, yana kiran hunturu lokacin nishaɗi, ya kamata ya sassauta tafiya a nan. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Ɗarin da ke wartsake ni shi ne ya hana yaran nan barci tun tsakar dare, kuma kofin shayi da rabin burodi ba su fi ƙarfin mai zuwa yawon buɗe ido ba.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a gindin matakalar, yana jan carbi a ƙarƙashin bargo.

“Malam, ina zuwa da wannan ɗari?”

“Kan dutse za ni, Baba.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. “Yau ai ba abin da za ka gani.”

“Haka ne, Baba.”

“To, Allah ya sauko da kai lafiya. Ka bi a hankali, tsakuwar nan tana da santsi.”

Gaskiyarsa a duka biyun. Akwai matakala ta siminti daga gindi zuwa sama, amma ƙura da ɓarɓashin marmara sukan kwanta a kanta, su yi ta mirginawa a ƙarƙashin takalmi. Hawan ba mai tsawo ba ne, sai dai a miƙe yake, kuma iskar hunturu ba ta ƙosar da ƙirji. Tana shiga busasshiya, ta kankare maƙogwaro, ta bar ɗanɗanon ƙasa a harshe. Kafin a kai rabi cinya ta fara magana. Da zarar kai ya wuce rufin gidaje sai iskar ta same ka gaba-gaɗi, ba katangar da za ta tare maka, ta cika riga, ta sa ido hawaye. Zufa na tsattsafowa a baya, kunne kuma na daskarewa. A nan mutum ke tuna cewa sannu ba ta hana zuwa.

Sai a kai sama, a juya, a nemi Kano a rasa. Gidajen da ke manne da gindin dutsen suna nan, da tsakar gidajensu da igiyoyin shanya da awaki a ɗaure. Bayansu wasu rufin kwano sun yi dishi-dishi. Daga nan kuma shi ke nan. Ba koren tulluwar babban masallaci, ba Gidan Rumfa, ba rumfunan Kurmi, Goron Dutse kansa sai an ƙura ido ake ganin alamar kafaɗarsa. Rana ta fito amma ba ta da iko, tana rataye kamar sabon faifai, kana iya kallonta ido cikin ido. Birnin dai yana nan, kunne ne ke shaidawa. Carar zakara na tasowa daga wajen Gwammaja, karatun allo daga wani zaure, ƙarar injin markaɗe, ƙahon a-daidaita-sahu, ƙwanƙwasar jarkokin mai kurar ruwa, kowace murya na isowa ba tare da mai ita ba. An ce gani ya kori ji. A kan Dala a watan hazo ji ne ke riƙe da gari.

To, me ya rage wa wanda ya hau don hange aka hana shi? Abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A ranar da sama ta washe ba mai duban dutsen. Kowa na zuwa ya taka shi ya miƙa wuya ya ɗauki hoto ya sauka. Hazo ne ke sunkuyar da kai. Ka tsuguna ka dafa shi: sanyi ƙalau, ja mai duhu, kaushi gare shi, duk jikinsa ƙananan ramuka ne. Ka murza wani ɓangare da yatsa, sai ya bar maka launin tsatsa. Tsatsar ce kuwa, domin marmara ce, ƙarfe ne a cikinta. Masu binciken kufai sun gano alamun narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma Abagayawa, maƙeran asali na Kano, suna riƙe da labarin cewa kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, daga Gaya ya zo neman tama ya zauna a nan. Mutanen farko abin da ke cikin dutsen ne ya kawo su. Daga wannan jan dutse aka fitar da fartanya da gatari da kan mashi, fartanya ta cika rumbu, rumbu ya tara jama'a, jama'a suka kafa kasuwa. Duk abin da ake hawa a hanga daga baya ya zo.

Sunan ma na mutum ne, in aka bi littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Dala wani maharbi ne ƙaƙƙarfa da ya gina gidansa a kan dutsen, daga zuriyarsa kuma aka sami Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura. Littafin ya nuna Barbushe a kan dutse yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. A waɗannan ranaku jama'a kan taru daga kowace kusurwa da baƙaƙen dabbobinsu na yanka, shi kaɗai ya shiga shingen da ya kewaye bishiyar tsafin, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Har an ce ya gaya musu wani baƙo na tafe wanda zai mallake su, kuma aka ɗauki zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999, a matsayin cikar maganar. Sarki Tsamiya ya rushe shingen a ƙarni na 14, a zamanin Sarki Yaji kuma Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Gaibu na Allah ne, Kanawa sun daɗe da sanin haka. Abin da ya tsaya mini a labarin shi ne yadda zuciyar ɗan Adam ke haɗa tudu da sani: wanda ke zaune a sama yana ganin ayari tun bai iso ba, yana ganin ƙurar mahara tun suna nesa, yana ganin hadari tun yana gabas, to me zai hana a ɗauka yana ganin baɗi?

Daga nan kalmar ta bar ido ta koma cikin kai. Yau in aka ce wane yana da hangen nesa, ba wanda zai tambayi lafiyar idonsa. Uban da ya sa 'yarsa a makaranta tun ana yi masa dariya, da manomin da ya ƙi sayar da hatsinsa da kaka, da shugaban da ya haƙa dam tun ba a yi fari ba, su ake nufi. Mahanga kuma, wadda asalinta wurin tsayawa ne a yi hange, ta zama ra'ayi, har malaman jami'a na cewa a mahangar wane. Amma Bahaushe bai bar tudu ya tafi da wannan daraja shi kaɗai ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan magana babban a zaune yake a ƙasa, wataƙila ma idonsa ya fara yana, yaron ne a can ƙololuwa. Shekaru aka auna, aka ga sun fi rimi tsawo. Dattijon nan na gindin matakala bai taka ko ɗaya ba, ya kuwa riga ni sanin abin da zan tarar.

Dutse kansa kalma ce mai faɗi. Da ita ake kiran abin da yaro ke jifan kare da shi, da ita ake kiran abin da ake yini ana hawa. Akwai dutsen niƙa da ɗansa, akwai duwatsun murhu, akwai na wuyan amarya, har ƙarfen da ake goge tufafi da shi dutsen guga ne, ko da na lantarki ne. Makaɗan fada in suna son su nuna sarki ya fi ƙarfin maƙiyansa, da dutse da tsauni suke kwatanta shi, abin da ba ya ɗaukuwa, wanda mai karo da shi kansa yake ji wa ciwo. Mai haƙuri kuma shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. In ka bi tsofaffin garuruwanmu za ka ga da yawansu dutse suka jingina da shi: Zazzau da Kufena da Turunku, Kwatarkwashi a Zamfara, Dutse ta Jigawa, Dutsin-Ma ta Katsina, Dogondutsi a ƙasar Arewa ta Nijar, unguwar Birni ta Damagaram da ke zaune a tsakanin manyan duwatsu. A gindin dutse ruwa ke taruwa, a kansa ake fakewa ranar hari, a cikinsa tama take, kuma mutanen da sun yi imani iskoki a can suke zaune, don haka tsoro ma ya taimaka wajen tsare shi. A Birnin Kudu har yau akwai zanen shanu a jikin duwatsu, wanda wasu hannaye suka yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, masu shanun sun tafi, shanun na nan.

Irin wannan ne ya sa aka ce hali zanen dutse, wato abin da ba ya kankaruwa. A nan ne kuma karin magana ta yaudare mu game da Dala. Duwatsun Birnin Kudu da Kufena ƙanƙararru ne, guduma ma sai ta yi da gaske. Dala marmara ce da jar ƙasa. Ruwa na cinsa, ƙafa na cinsa, mai neman ƙasar gini na cinsa. Wanda ya zagaya gefensa zai ga kwazazzaban da damina ke ƙara wa zurfi kowace shekara, zai ga gidaje sun hauro har ƙirjinsa, zai ga leda baƙa da fara ta maƙale a kowane tsagi, hunturu na kaɗa ta, zai kuma ji warin da ke nuna wasu sun mai da wurin makewayi. A kwana mai haske ido kan tsallake duk wannan ya tafi can nesa. A kwanan hazo ba inda zai tsallaka.

Barth ya hau Dala a 1851, ya zauna ya zana birnin yadda ya gan shi daga sama: soraye na ƙasa, bukkoki, dabino da gwanda, kududdufin Jakara ya raba gari biyu, ga fili fetal tsakanin gidaje da ganuwa. Ya ƙiyasta mazauna birnin dubu 30, ya ce sukan ninka in baƙin rani sun cika gari. Yau miliyoyi ne, filin nan ya cike, gari ya tsallake ganuwa ya bar ta a baya tana zubewa. A zamanin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, da aka tara buhuna aka yi tsibi mai tsini, ba a sami sunan da ya dace da shi ba sai na dutsen, aka ce dalar gyaɗa. Har gine-ginen Fir'aunonin Masar dala muke ce musu. Dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970 bayan fari da cutar da ta kama shuka. Sunan dai ya bazu, yana kan ƙaramar hukuma, yana kan asibitin ƙashi, yana kan shaguna da motocin haya. Dutsen ne aka daina gani. Matafiyin da ya shigo ta hanyar Zariya ko ta Katsina a yau, benaye da gadoji da allunan talla ne ke tarbarsa, yana iya kwana bakwai a Kano bai san ta wace kusurwa Dala yake ba. Akwai kuma waɗanda aka haifa a cikin badala, suka yi furfura, ba su taɓa hawa ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Tun 2007 sunan Dala na cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da gidan sarki. Shiga jerin ba ya toshe kwazazzabo. Abin da dutsen ke bukata ba shi da yawa: a yi wa ruwan sama hanya, a ɗaure gefen da ke zaizayewa, a shata iyakar da gini ba zai wuce ba, a gina wa unguwannin gindinsa makewayi, a ɗauki matasan wurin aikin gadi da shara da yi wa baƙi jagora, a biya su. Gwamnati da masarauta da attajiran da kakanninsu suka yi arziki a Kurmi, ba wanda wannan ya fi ƙarfinsa.

Sauran kuma namu ne. Da bazara dutsen kan yi zafi tun hantsi, da damina ga santsi, don haka Disamba da Janairu su ne watannin hawa. Mai asma ko ciwon ƙirji ya jira ranar da hazo ya lafa. Malaman makaranta su kawo ɗalibansu, su sa su dafa marmarar da hannunsu kafin a fara ba su labarin Bagauda. Kai kuma mai karatu, in kana Kano ko hanya ta kawo ka, ka zaɓi safiya ɗaya. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka rufe hanci, ka riƙi ruwan sha, ka kula da saukowa domin ta fi hawa kayar da mutum. Ka tafi da yaro ko da ɗaya ne, ka kuma tafi da buhu, ku cika shi da leda ku sauko da shi.